Yadda Allurar Baya Take Kafin Aikin Haihuwa: Abin da Za Ki Ji, Mataki-Mataki

A Kaduna da wuya ki zauna a gidan suna, ko a benci wajen awo, ba a ɗauko hirar allurar baya ba, wato wadda ake yi don kashe ƙasan jiki kafin a yi aiki a ciro jariri. Wannan ta ce ƙanwar mijinta tun da aka yi mata ba ta rabu da ciwon baya ba, waccan ta ce in hannun likita ya goce sai mutum ya gurgunce. Da irin wannan hirar cike da kunnena na shiga ɗakin tiyata karo na farko, bayan hoton ciki ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare hanyar da jariri zai fito. Sau biyu aka yi mini aiki, duka an sa rana tun da wuri, duka da allurar baya. Abin da na so a yi mini a wancan lokacin shi ne a zaunar da ni a faɗa mini abin da zan ji daki-daki. Shi zan yi miki, 'yar'uwa. Ko a Barau Dikko aka sa miki rana, ko asibitin sojoji na 44, ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko Gwamna Awan a Kakuri, ko asibitin kuɗi, ko an tura ki Shika, tsarin kusan ɗaya ne. Inda maganar likitanki ta saɓa da tawa, tasa za ki bi, domin shi ya duba jikinki.

Me ake yi a bayan naki

Laka, wato igiyar jijiyoyin da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta cikin ƙashin baya, ba ta kai har ƙugu ba. A jikin babban mutum tana ƙarewa wajen gaɓa ta farko ko ta biyu cikin gaɓoɓi 5 na ƙasan baya. Daga nan zuwa ƙasa sai zaren jijiyoyi da ke cikin wani ruwa garai-garai a cikin jaka. Likita ƙasa da inda laka ta ƙare yake shiga, saitin saman ƙasusuwan kwankwaso, ta ƙofar da ke tsakanin gaɓa biyu. Allurar doguwa ce, amma ta fi wadda ake ɗibar jini da ita siranta. Maganin bai wuce mililita 2 zuwa 3 ba, kamar rabin ƙaramin cokalin shayi. An fi amfani da bufibaken, wani lokaci a haɗa da ɗan maganin kashe zafi mai ƙarfi. Ana gama zubawa ake zare allurar, ba abin da ake bari a jikinki. Wadda ake barin siririyar roba a baya ana ƙara magani ta ciki daban take, ita ake kira efidural.

Likitoci sun fi zaɓar allurar baya a kan allurar barci saboda mai ciki in aka sa ta barci gaba ɗaya, sa mata bututun numfashi ya fi wuya, kuma abin da ke cikinta na iya tasowa ya faɗa huhu. Da allurar baya ke kike numfashi da kanki, maganin da ke isa ga jariri kaɗan ne ƙwarai, kuma kunnenki zai ji kukansa na farko. Ba kuma sabon abu ba ce. Tun 1898 wani likita a Jamus, August Bier, ya fara yi wa mutane ita.

Mataki na 1: kwanakin da suka rage

Yawanci wajen mako na 39 ake sa rana, sai in da dalilin da zai sa a matso da ita. Za a duba yawan jininki da rukuninsa, a ce a tanadi jini ko da za a buƙata. Maigida ya nemi masu bayarwa tun da wuri, kada sai ranar a shiga kiran 'yan'uwa daga Rigasa da Kawo.

Likitan allurar, wanda muke kira mai allurar barci, zai zo ya yi miki tambayoyi, shi daban ne da mai yin aikin. Ki faɗa masa komai: hawan jini, sikila, ciwon suga, asma, yawan haɓo ko zubar jini daga dasashi, ko an taɓa yi miki aiki a baya, ko akwai maruru a wurin, ko wani magani ya taɓa tayar miki da ƙuraje. In kina shan maganin tsinka jini ko ana yi miki allurarsa, wannan ne abu na farko da za ki ambata, don akwai awannin da dole a jira bayan sa kafin a taɓa bayanki. Jiƙo da sauran maganin gargajiya da aka ba ki don sauƙin haihuwa, su ma ki faɗa, ba wanda zai ci ki tara. Haƙorin Makka ko haƙori mai girgiɗi ki nuna masa, ko da za a koma allurar barci.

Takardar amincewa kuwa, ko da maigida zai sa hannu, jikinki za a yi wa aiki. Ki tabbata an yi miki bayani kin gane, in Turancin ya yi yawa ki ce a maimaita da Hausa.

Mataki na 2: daren jajibiri da safiya

Ƙa'ida ita ce a daina cin abinci aƙalla awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2. Asibitoci da yawa sukan ce daga 12 na dare kada ki ƙara sa komai a baki. Ki bi abin da aka ce miki. Koko, kunu da shayi mai madara duk a lissafin abinci suke. Ana iya ba ki maganin rage tsamin ciki da na hana amai, waɗannan ki sha yadda aka tsara.

Ki cire jigida tun a gida, domin daidai inda take zama likita zai yi aiki. Haka sarƙa, awarwaro, zobe da ɗan kunne, ki bar wa wadda za ta zauna da ke. In za ki yi kwalliyar haihuwa, ki bar yatsun hannu ba baƙin lalle ba jan farce, saboda ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa yana auna iskar jini ta cikin farce da fata yake gani. Kitso ki yi wanda zai kwanta, ban da mai tudu a ƙeya, kin san za ki daɗe a rigingine. Kada ki yi aski da reza da kanki a wurin, ƙananan yankan da ba ki gani suna jawo ƙwayoyin cuta. Ki yi wanka da sabulu kawai.

Mataki na 3: shiga ɗakin

Sanyi ne zai fara tarbar ki. Za a sa miki kanula, 'yar robar da ake sawa a jijiyar hannu, a ɗaura ruwa, kuma a gaskiya ni wannan ta fi yi mini zafi a kan ta bayan. Sai awon jini a damtse, ɗan maƙale a yatsa, wasu 'yan manne-manne a ƙirji. Na'ura za ta fara ƙara daidai da bugun zuciyarki. Za a tambaye ki sunanki da aikin da za a yi miki ko da sun sani, tsari ne na tabbatarwa.

Mataki na 4: zaman allura

Nan ne naki aikin yake, kuma in kika iya zaman kin rage wa kanki rabin wahala. Za ki zauna a gefen gadon, ƙafafu a kan ɗan kujera, a buɗe bayan rigar. Wasu likitocin sun fi son ki kwanta ta gefe ki ƙudundune, amma zama ya fi yawa. Sista za ta tsaya a gabanki ta ba ki filo ki rungume. Ki sa haɓa a ƙirji, ki saki kafaɗu su zubo, sannan ki turo ƙasan bayanki waje wajen likita, ya yi doro. Ba sunkuyon ruku'u ake nufi ba, inda baya ke miƙewa ɗoɗar. Ki tuna zaman da kike yi in kina tsince shinkafa a faranti a kan cinya, kin ranƙwafa a kansa. Wannan lanƙwasar ce ke buɗe ƙofar da ke tsakanin gaɓoɓi. Gantsarewa kuwa rufe ta take yi, kuma ita jiki ke son yi da an taɓa shi. Da ƙaton ciki a gaba zaman ba daɗi, shi ya sa nake ba da shawarar ki gwada shi a gida sau biyu ko uku da filo a bakin gado.

Za a goge bayan da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, mai sanyin da zai sa ki zabura, a rufe da ƙyalle. Likita zai danna saman kwankwasonki ta gefe biyu, ya bi tsakiyar baya da babban yatsa yana laluben wuri. Daga nan sai ƙaramar allura ta kashe fatar wurin, zafinta kamar cizon cinnaka, daƙiƙa kaɗan ya wuce. Babbar kuma abin da za ki ji shi ne dannawa, kamar an kafa yatsa ana turawa ciki a hankali. Wani lokaci takan taɓa ƙashi ki ji wani tsami can ciki, sai likita ya ja baya ya gyara. In an sake gwadawa sau biyu, musamman ga mai jiki ko mai kumburi, wannan ba alamar an yi ɓarna ba ce.

Kina iya jin wani abu ya fizga zuwa ɗuwawu ko ƙafa ɗaya, kamar an taɓa minjirya. Allurar ce ta gogi zaren jijiya. Kada ki motsa, ki buɗe baki ki ce "likita, ƙafar dama" ko "hagu", zai gyara kafin ya zuba magani. In tari ko atishawa ta taso, ki faɗa kafin ta fito. Ni goshina na jingina da kafaɗar sista, ina jan numfashi a hankali ina maimaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil, ita kuma tana cewa "sannu Hajiya, saura kaɗan." Kafin in ankara aka ce an gama.

Mataki na 5: minti goma na farko

Wannan ne wurin da ba wanda ya yi mini bayaninsa, kuma shi ya fi buƙatar bayani.

Ɗumi ne zai fara, daga ɗuwawu ya gangara cinyoyi har tafin ƙafa. Wasu sukan zaci fitsari ne ya zubo musu. Nan take za a kwantar da ke, a ɗan karkata gadon ko a sa matashi ta gefen dama don ki kishingiɗa hagu, saboda nauyin mahaifa ya sauka daga kan babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Sai ƙafafu su fara tsikari kamar tururuwa na yawo a ciki, su yi nauyi kamar an ɗora musu turmi. Za a ce ki ɗaga ƙafa, ki ba ta umarni ta ƙi. Wani abin mamaki, kina iya jin kamar gwiwoyinki a lanƙwashe suke alhali an miƙar da su, domin ƙwaƙwalwa ta riƙe yanayin da ta bar su a ciki. Duk wannan aikin magani ne, yana tafiya yadda ake so. Cikin minti 5 zuwa 10 zai hau har ƙarƙashin nono.

Awon jinin zai riƙa matse damtsenki kusan kowane minti ɗaya ko biyu. Dalili shi ne maganin yana sa jijiyoyin jini su saki, jini ya taru a ƙasan jiki, awo ya sauka. Wannan yana yawan faruwa, kuma sun shirya masa da magani a sirinji tun kafin ki shigo. Alamominsa su ne hamma, jiri, zufa mai sanyi, tashin zuciya, ko ki ji muryoyi suna nisa.

Mu an rene mu a kan dauriya wajen haihuwa, mace ta cije kada a ji bakinta. A aikina na farko da jirin ya zo, shiru na yi ina jira ya wuce, har sai da amai ya taso ina kwance a rigingine. Aka juya kaina gefe, aka tura magani ta kanula, cikin ɗan lokaci idona ya washe. A na biyu, ina jin hamma ta farko na ce "likita, jiri nake ji," kuma ko tashin zuciya ban yi ba. A kan wannan gadon dauriya cutarwa take yi, domin jinin da ke zuwa wa jariri ya dogara da awon jininki. Mai allurar yana tsaye a saitin kanki tun daga farko har ƙarshe, kuma abin da kika faɗa yakan riga na'ura isa gare shi.

Kina iya jin kamar numfashi ba ya isar ki. Yawanci ƙirjin ne ya daina jin motsin kansa, alhali babban naman da ke jan numfashi jijiyarsa daga wuya ta taso, maganin bai kai can ba. In kina iya magana da cikakkiyar murya, kina numfashi. Duk da haka ki faɗa, za a duba, a sa miki iskar oksijin in da buƙata. In kuma yatsun hannu suka fara tsikari, ko hannu ya yi sanyi ba ƙarfi, ko murya ta fara shaƙewa, ki sanar nan take, alama ce maganin ya hau sama fiye da yadda ake so. Karkarwa kuma, har haƙora na haɗuwa, tana kama mata da yawa ko ba sa jin sanyi. Ƙaiƙayin hanci da fuska shi ma yakan zo in an haɗa da maganin kashe zafi mai ƙarfi.

Mataki na 6: gwaji kafin a fara

Ba a sa wuƙa sai an gwada. Za a taɓa hannunki da auduga mai sifirit ko ƙanƙara don ki san sanyin, sannan a bi daga cinya zuwa sama ana tambayar ki inda kika fara jin sa. Ana so sai wajen nono ki ji sanyin. Mai aikin shi ma zai matse fatar cikin da ƙarfe kafin ya yanka. Ki faɗi gaskiyar abin da kika ji, kada ki ce "ban ji ba" don kunya ko don kada ki ɓata musu lokaci. Jin an taɓa ki daidai ne, jin tsini ko zafi shi ne ba a so. In maganin bai kama sosai ba, ana ƙara jira, ko a sake allurar, ko a sa ki barci. Robar fitsari a wurare da yawa sai jiki ya mutu ake sa ta, a wasu kuma tun a ɗakin kwanciya.

Mataki na 7: lokacin aiki

Za a kafa labule a saitin ƙirjinki. Za ki ji ja da turi da girgiza, amma ba zafi. Kamar ki riƙe tukunya ana tuƙa tuwo, kina jin kowane motsin muciya ta jikin tukunyar. Akwai ƙarar na'urar zuƙe ruwa, wani lokaci da ɗan ƙauri na abin da ake tsayar da jini da shi. In ba kya son ganin komai, kada ki kafa wa fitilar sama ido, takan nuna hoton abin da ake yi.

Lokacin fito da jariri, mataimakin likita zai danna saman cikinki da ƙarfi, ki ji kamar an zauna miki a ƙirji. Bai fi 'yan daƙiƙu ba, sai ki ji cikin ya yi sakayau. Yawanci cikin minti 10 da farawa jariri ke fitowa, ragowar rabin awa ko fiye ɗinki ne. Za a ba ki oksitosin don mahaifa ta tsuke, yana iya sa fuska ta yi zafi ko zuciya ta ɗan tashi. Wasu sukan ji ciwo a kafaɗa, daga ciki yake haskowa. Amma in kika ji zafi na gaske a kowane lokaci, ki ce a dakata. Akwai abin da za a ba ki.

Mataki na 8: dawowar ƙafafu

Cikin awa 2 zuwa 4 jiki ke dawowa. Ranar da na ga babban yatsan ƙafata ya motsa a ƙarƙashin zane, hawaye ne suka zubo mini, domin duk hirar gidan suna a lokacin ta sauka daga kaina. Kafin maganin ya gama sakin ki, ki karɓi maganin ciwon da aka rubuta, kada ki jira zafin ɗinki ya kama tukuna. Ki nemi a taimaka a sa miki jariri a nono da wuri, dakashin nan na farko shi ne rigakafinsa. Masu jinya su kiyaye, kada a sa wa ƙafar da ba ta ji jakar ruwan zafi don tana karkarwa, za ta ƙone ba ta sani ba. Kada ki sauko daga gado ke kaɗai karo na farko. In awa 4 ta wuce ba ki iya ɗaga ƙafa ba, ki sa a kira likita ya duba.

Akwai ciwon kai na musamman da ke samun kaɗan daga cikin mata, saboda ruwan nan da zaren jijiyoyin baya ke ciki na yoyo ta ƙofar allura. Yakan zo cikin kwanaki na farko, kuma ana gane shi da cewa in kin tashi zaune ya sara, in kin kwanta ya lafa. Bier da kansa ya yi fama da shi da aka gwada allurar a jikinsa, amma alluran yanzu sirara sun rage shi sosai. Ki faɗa wa likita. Sau da yawa hutu, shan ruwa, farasitamol da kofi ko shayi suna isa, in ya ƙi kuma akwai yadda ake toshe ƙofar da ɗan jininki.

Maganar ciwon baya, wurin allurar zai yi tsami na 'yan kwanaki. Binciken likitoci bai nuna tana jawo ciwon baya mai daɗewa ba. Ciki wata tara, goyo, duƙawa wajen wanki da shayarwa a ranƙwafe sun isa su sa baya ciwo, kuma waɗanda suka haihu da kansu ma suna kuka da shi. Lahani na dindindin a jijiya abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai.

Bayan sallama, ki koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ki ba in kika ga zazzaɓi da sanƙarar wuya, ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, ƙafa ta sake mutuwa bayan ta dawo, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, kumburin ƙwauri ɗaya mai ciwo, ƙarancin numfashi, jini mai yawa, ko ɗinki na fitar da ruwa mai wari. Wankan jego da tafasasshen ruwa da kunun kanwa kuma, a yi wa su Inna da Gwaggo bayani cikin ladabi a dakata. Ɗinki ba ya son dukan ganye, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Kafin ki bar asibitin, ki rubuta a bayan katin awonki irin allurar da aka yi miki, ko jininki ya sauka, ko kin yi amai, ƙaiƙayi ko ciwon kai. In Allah ya kawo wani cikin, wannan katin za ki miƙa wa mai allurar ranar da ya zo yi miki tambayoyi.